TUN RAN GINI RAN ZANE: A Gyara Makarantun Masu Zanen Gine-gine Kafin A Sake Haƙa Wani Harsashi

A cikin watan Fabrairu na shekarar 2022 ne Gwamnatin Jihar Legas ta ɗaukaka babbar kwalejinta ta kimiyya da fasaha, wadda ta fara karatu a Isolo a shekarar 1978 kafin daga baya ta sami mazauni na dindindin a Ikorodu, ta mai da ita jami'a. Babu wanda zai yi wa mutanen Ikko baƙin ciki a kan wannan, domin kuwa ilmi ba ya yawa. To, amma akwai maganar da ba a cika faɗa ba a ranar irin wannan biki, ita ce sauya wa makaranta suna aikin yini guda ne: takarda, da sa hannun Gwamna, da gwangwanin fenti a bakin ƙofa. Suna ba ya ƙara wa aji faɗi ko da taku ɗaya, ba ya toshe rufin da ke yoyo, ba ya kuma sayen teburin zane. Wannan ciwo ba na Jihar Legas ba ne ita kaɗai, na ƙasa ne baki ɗaya, kuma babu inda ya fi zama abin kunya kamar sassan da ake koyar da zanen gine-gine, inda ake tara samari da 'yan mata ana koya musu tsara gida mai iska da haske, alhali kuwa su kansu suna cunkushe a ɗakunan da aka gina wa tsarar iyayensu.

Maganar da ta kamata hukuma ta ji ita ce, kafin a sake yanka wani fili a daji a kira shi jami'a, kafin a sake kashe miliyoyi a kan ƙofar shiga mai hasumiya, a fara komawa kan tsofaffin sassan nan da ke Zariya da Yaba da Akoka da Inugu, a gyara su, a faɗaɗa su, a zuba musu kayan aiki. Gyara ake nufi, ba rushewa ba. Ƙari ake nufi, ba ƙaura ba.

Mai yiwuwa ne ɗan kasuwar goro na Agege, ko mahaucin Oko-Oba, ko dillalin tumatir na Mile 12, ya ce mene ne ruwansa da ɗakin zanen jami'a, shi da ya zo Kurmi neman abin da zai aika gida. Ruwansa kuwa ya kai wuya. Ranar 12 ga Satumba, 2014, a Ikotun, wadda hanya guda ce ta haɗa ta da Isolo, masaukin baƙi na wata babbar majami'a ya rufta ya kashe mutum 116, galibinsu 'yan Afirka ta Kudu, kuma binciken kotun gano musabbabin mutuwa ya nuna ginin ba shi da takardar izini, tsarinsa kuma bai iya ɗaukar nauyin da aka ɗora masa ba. Ranar 13 ga Maris, 2019, a Ita-Faji cikin tsibirin Ikko, wani bene mai makarantar yara a samansa ya zube da safe ana cikin karatu. Ranar 1 ga Nuwamba, 2021, bene mai hawa 21 da ake ginawa a titin Gerrard, Ikoyi, ya durƙushe a kan masu aikinsa, mutum fiye da 40 suka riga mu gidan gaskiya, har da mai ginin kansa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin babban aikin gini a Lekki ko Ikoyi ya san yadda aka raba aikin: mai zane da injiniya suna zuwa da mota su duba su tafi, masu tayil da filasta da yawansu daga Kwatano da Togo suke, amma mai haƙa rami, da mai jidar yashi, da mai gadin da ke kwana a ƙarƙashin rufin kankaren da bai gama bushewa ba, sau da yawa da Hausa suke gaisawa. Idan zane ya yi kuskure, ba a kan mai zanen yake faɗowa ba.

Saboda haka tambayar waɗanda ke zana gine-ginen ƙasar nan, da inda aka koyar da su, da irin kayan da aka koyar da su da shi, tambaya ce ta rai da mutuwa ga talakan da bai taɓa taka ƙofar jami'a ba.

Tarihin wannan fanni a Nijeriya daga Zariya ya kafu, kuma ya kamata kowane ɗan Arewa ya san haka. A shekarar 1952 aka buɗe Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya mai rassa uku, a Badun da Zariya da Inugu. A reshen Badun aka soma koyar da zanen gine-gine, sannan a 1955 aka ɗauko sashen aka kawo shi Zariya. Da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a watan Oktoba na 1962, sai ta gaji sashen da malamansa da ɗalibansa. Shi ne na fari a ƙasar nan, kuma shekaru da dama duk ɗan Nijeriyar da ke son wannan sana'a, in ba shi da halin tafiya Ingila, Bayarabe ne ko Inyamuri ko Bahaushe, jirgin ƙasa yake hawa ya sauka Zariya. Ƙungiyar Masu Zanen Gine-gine ta Nijeriya an kafa ta a 1960, dokar soja mai lamba 10 ta shekarar 1969 kuma ta kafa majalisar da ke yi musu rajista, wato ARCON. Da yawa daga cikin waɗanda suka fara cika wannan rajista, suka zana ofisoshi da makarantu da asibitocin jihohin da aka ƙirƙiro a 1967 da 1976, a Samaru suka koyi riƙon fensir. Wannan gado ne, kuma gado in ba a kula da shi ba, kango yake zama.

Wajibi ne a fahimci cewa koyar da zanen gini ba kamar koyar da tarihi ko shari'a ba ne, inda malami zai tsaya gaban ɗalibai ɗari biyar da lasifika ya yi bayani su rubuta. Mai koyon zane yana bukatar teburinsa na kansa, wanda zai bar aikinsa a kai mako da makonni, ya dawo da dare ya ci gaba. Yana bukatar zaure mai faɗi mai hasken rana wanda ba ya kashe ido, da dogon bango inda zai kafa zanensa malamai su taru su tsefe shi a gaban 'yan'uwansa, domin a wannan tsifar ce ake raba mai zane da mai kwaikwayo. Yana bukatar ma'aikatar katako da ƙarfe inda zai sassaƙa ɗan samfurin ginin ya gani da idonsa in zai tsaya. Yana bukatar ɗakin gwaji inda ake zuba kankare a ɗan akwati, a bar shi kwana 7 ko kwana 28, sannan a sa shi a injin matsa har ya fashe, a karanta nauyin da ya ɗauka. Yaron da ya taɓa ganin bambancin da ke tsakanin kankaren da aka kwaɓa da kwanon siminti 1, yashi 2, tsakuwa 4, da wanda aka yi wa ha'inci, ba zai manta ba har ya mutu. Wanda kuwa a allo kawai aka zana masa, ranar da ɗan kwangila ya tsare shi da ido a wurin aiki, ba shi da abin faɗa. A zamanin yau kuma an ƙara masa da bukatar kwamfuta mai ƙarfi da wutar lantarkin da ba ta ɗaukewa a tsakiyar aiki. Karatun kansa doguwar tafiya ce: a yawancin jami'o'i shekara 4 ta digirin farko, 2 ta digiri na biyu, sannan aikin koyo a ƙarƙashin ƙwararre da jarrabawar shiga sana'a.

Ke nan a wannan fanni ginin makarantar shi kansa kayan koyarwa ne. In zauren da aka gina wa ɗalibai talatin ya koma ɗaukar ninkin-ba-ninkin haka, ba matsi kaɗai aka samu ba, karatun ne ya canja iri, ya tashi daga aiki da hannu ya koma hadda. A watan Disamba na 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta fito da sabuwar manhaja inda ta ware zanen gine-gine ya zama fanni mai cin gashin kansa a cikin fannoni 17, da rassa irin su tsara cikin gida da tsara farfajiya da lambuna. Shawara ce mai kyau. Sai dai an ƙara wa jaki kaya ba a ƙara masa harawa ba, domin kowane sabon reshe zaurensa yake nema.

Kada wani ya ce babu kuɗi. Tun shekarar 1993 aka kafa asusun harajin ilmi, wanda ya samo asali daga gwagwarmayar ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, aka sake masa fasali a 2011 ya zama TETFund. Da kashi 2 cikin 100 na ribar kamfanoni aka fara, a 2023 ya kai kashi 3. Duk wanda ya shiga wata jami'ar gwamnati zai ga sunan asusun a jikin gine-gine, kuma gaskiya ne ya yi aiki. Amma a shekarar 2012 kwamitin da Gwamnatin Tarayya ta naɗa a ƙarƙashin Farfesa Mahmud Yakubu ya zagaya jami'o'in gwamnati don gano bukatunsu, ya dawo da rahoto mai ta da hankali: azuzuwa a cushe, ɗakunan gwaji babu kayan aiki, kuma daga cikin ayyukan gini 701 da ya ƙirga, 163 an yi watsi da su. Bayan yajin aikin da ya ci kusan rabin shekarar 2013, gwamnati ta sa hannu cewa za ta zuba Naira tiriliyan 1.3 cikin shekara 6 don farfaɗo da jami'o'in. An ba da biliyan 200 na farko, sauran kuwa sai ɗigo-ɗigo, kuma rashin cika wannan alkawari yana cikin dalilan yajin aikin wata 9 na 2020 da na wata 8 na 2022. A daidai wannan zamani ne kuma aka buɗe sababbin jami'o'in tarayya 9 a 2011, aka ƙara 3 a 2013, aka ci gaba da ƙarawa, kowane ɗan majalisa yana son a ce ya kai wa mazaɓarsa tata. Sai a watan Agusta na 2025 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta farga ta dakatar da kafa sababbin manyan makarantun tarayya har shekara 7. An yi fargar jaji, amma dai an farga. Abin da ya rage shi ne a ga inda kuɗin da aka tsimin zai nufa.

Dalilin da ya sa masu riƙe da madafun iko suka fi son sabon gini a kan gyaran tsoho ba ɓoyayye ba ne. Sabon gini yana da ranar aza harsashi da ranar yanke ƙyalle, yana da allon dutse mai ɗauke da sunan mai girma wane, yana da kwangila mai tsoka wadda ake iya yankar kaso a cikinta ba a gani ba. Gyaran rufi ba shi da makaɗi. Babu wanda aka taɓa yi wa kirari don ya sauya wayoyin lantarkin da suka ruɓe ko ya buɗe magudanar ruwan da ta toshe. Wannan kwaɗayi na sabon siminti tsohon ciwo ne. Dattawan Apapa ba su manta da shekarar 1975 ba, lokacin da aka yi odar siminti fiye da abin da tashar jiragen ruwa za ta iya saukewa, ɗaruruwan jirage suka yi wata da watanni a kan teku ana biyan su kuɗin jira, simintin yana daskarewa a cikinsu. Shekara hamsin ke nan, halin bai sake ba.

Akwai masu cewa tsohon gini ba ya gyaruwa, gara a kawo katafila a share, a yi na zamani mai gilashi. Waɗannan su dubi abin da masu arzikin da suka fi Nijeriya suke yi. Makarantar Bartlett ta birnin Landan tana cikin mashahuran makarantun zanen gine-gine na duniya. Gininta na 1975 ya yi mata kaɗan, ya kuma tsufa. Ba su rushe shi ba. Sun bar ginshiƙai da benayen kankaren yadda suke, suka feɗe sauran, suka ƙara hawa a sama da faɗi a gefe, suka sake buɗe shi a 2016. A Delft ta ƙasar Holan, gobara ta cinye ginin sashen zane ƙurmus ranar 13 ga Mayu, 2008. Maimakon su zauna jiran sabon gini, sai suka shiga wani tsohon ginin jami'ar da ke zaune, suka gyara shi cikin 'yan watanni, suka rufe farfajiyoyinsa da gilashi suka zama zaurukan aiki, kuma abin da aka yi don wucin gadi shi ya zama gidansu. A 2021 babbar kyautar Pritzker, wadda ita ce ƙololuwa a wannan sana'a, ta tafi ga Faransawa biyu, Anne Lacaton da Jean-Philippe Vassal, waɗanda aka sani da aƙidar ƙin rushe abin da zai gyaru. A birnin Bordeaux sun faɗaɗa gidajen talakawa 530 ba tare da an kori kowa daga ɗakinsa ba. Shi Vassal kuwa a Yamai ya yi shekarun farkon aikinsa, cikin shekarun 1980, kuma bai ɓoye cewa a can ya koyi yin abu mai yawa da kaya kaɗan ba. Abin mamaki, Bature ya zo maƙwabta ya ɗauki darasi ya kai gida, masu gida kuwa suna neman katafila.

Hujjar a fili take ga duk wanda ya taɓa sayen bulo. Harsashi da ginshiƙai da rufin kankare suna cin kuɗi mai yawa a kowane bene, kuma su ne suka fi daɗewa. Abin da ke mutuwa da wuri shi ne rufin sama, da tagogi, da bututun ruwa, da wayoyin wuta. A farkon 2024 buhun siminti ya haura Naira 10,000. Wanda ya rushe ginshiƙi mai lafiya a irin wannan kasuwa don kawai fentinsa ya koɗe, almubazzari ne, ko kuwa yana da wata manufa. Ban da haka, gine-ginen jami'o'in farko an zana su ne da sanin zafin ƙasar nan. Wanda ya ga ɗakin karatu na Jami'ar Badun, aikin Maxwell Fry da Jane Drew, ya ga bango mai huda-huda da ke tace rana ya bar iska ta wuce. Irin wannan tunani ya bazu a gine-ginen wancan zamani: baranda mai zurfi, tagogi masu fuskantar juna, doguwar fuskar gini tana kallon kudu da arewa don kauce wa ranar hantsi da ta la'asar. Akwatin gilashin da ake yayi yanzu, da zarar an ɗauke wuta ko man janareta ya ƙare, tanderu yake komawa. Wane darasi ɗalibi zai ɗauka in aka rushe na farko a gabansa aka kafa masa na biyu?

Misalin da ya fi kusa da gida yana Dandaji, wani garin Hausawa a jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar. Tsohon masallacin Juma'ar garin na ƙasa ne, ya tsufa, ya kuma yi wa jama'a kaɗan. Mariam Issoufou Kamara, 'yar Nijar, tare da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili, suka tsara a gina sabon masallaci babba da tubalin jar ƙasa da aka matse da inji, tsohon kuma a gyara shi ya zama ɗakin karatu. Aka kira magina na gargajiya suka yi aikin tare da su, aka gama a 2018, kuma hotunan wurin sun zagaya makarantun zane na duniya. A jihar Tawa ɗin ne kuma masallacin Yama yake, aikin Alhaji Falke Barmu, manomi kuma magini, wanda ya fara shi a 1962, ya ci kyautar Aga Khan a 1986.

Wannan ya kawo magana kan abin da za a koyar a cikin zaurukan in an gyara su, domin gyaran bango ba tare da gyaran manhaja ba rabin aiki ne. Ƙasar Hausa ba baƙuwar gini ba ce. Masu azara da makuba da tubali sun san yadda ake ɗaure bakan gizo da daurin guga tun kafin a ga buhun siminti na farko. A zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wajen shekarun 1830, Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya, wanda masana na duniya suka yarda yana cikin mafi girman ayyukan ginin ƙasa a Afirka ta Yamma. Gidan Rumfa da Gidan Makama a Kano, da hasumiyar Gobarau a Katsina, duk shaidu ne. Wani ɗan ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski, ya kwashe shekaru yana auna irin waɗannan gine-gine yana zana su, aka buga aikinsa cikin littafi uku a 1990, kuma malaman Zariya irin su Farfesa Hamman Tukur Sa'ad sun zauna da magina sun rubuta iliminsu. Amma duk da haka ilmin duba lafiyar tsohon gini, na ƙasa ne ko na siminti, bai sami gurbin da ya dace da shi ba a ƙasar nan. Ranar Juma'a 11 ga Agusta, 2023, ana cikin sallar La'asar, wani sashe na Masallacin Zariya ya rufta, aƙalla mutum 7 suka rasu, Allah Ya jiƙansu. Fadar Zazzau ta bayyana cewa an ga tsagewa a bango kwana guda kafin nan, ana shirin kiran masana. Ba a ɗora wa kowa laifin ƙaddara, amma ƙasar da take da isassun masu wannan ilmi, duba irin wannan gini aikin kowace shekara ne kafin damina, ba sai bango ya tsage ba.

To, ina za a koyi wannan ilmi in ba a jikin tsohon gini ba? Nan ne hikimar gyara ta fi fitowa. Sashen da za a gyara shi ne littafin da ya fi kowane littafi. A sa ɗaliban su auna shi taku-taku, su nemo inda ruwa ke shiga, su gwada ƙarfin kankarensa, su ƙirga kuɗin aikin, su yi gasar zana ƙarin da za a yi masa a ƙarƙashin malamansu da tsofaffin ɗaliban da suka ƙware. A gina wani ɓangare na ƙarin da tubalin ƙasa matsattse, a gayyato Sarkin Magina da mutanensa su koyar, a biya su kamar yadda ake biyan kowane malami. A Ikko kuma, inda ƙasa fadama ce, iskar teku mai gishiri tana cin rodi, a koya wa yara gwajin ƙasa da kafa turakun kankare a kan ginin da suke zaune a ciki. Abin takaici ne a ce jami'a tana da sashen zane cike da farfesoshi, amma in za a yi mata gini sai a kawo zane daga wani ofis a Abuja wanda mai shi bai taɓa kwana a garin ba.

Za a sami mai cewa gine-ginen Ikko ba jahilci ke rushe su ba, haɗama ce: mai gida ya ƙara hawa biyu a kan abin da aka amince masa, ɗan kwangila ya rage rodi, mai bulo ya tsinka siminti, jami'in duba gini ya karɓi na goro ya kau da kai. Wannan gaskiya ce, kuma babu zauren zanen da zai wanke zuciyar maha'inci. A Ikoyi ma an ruwaito cewa injiniyoyin da suka fara kula da aikin sun janye hannunsu a rubuce tun 2020, aka ci gaba ba tare da su ba. Amma wannan labari kansa yana nuna inda tsaron yake: wanda ya san aikinsa shi ne ya iya cewa a'a. Nijeriya tana da kundin ƙa'idojin gini tun 2006, Jihar Legas tana da hukumar duba gine-gine, takardu ba su yi ƙaranci ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne idon da zai dubi ginshiƙi ya gane ƙarya, da yawan masu irin wannan ido har talaka mai gina ɗaki huɗu a Agege ko Ejigbo ya iya biyan ɗaya daga cikinsu. Muddin ƙwararru 'yan kaɗan ne, masu kuɗi ne kawai za su same su, saura kuwa birkila ne zai zama musu mai zane da injiniya gaba ɗaya.

Sauran magana ta 'yan Arewa mazauna Kurmi ce su kansu, kuma ba mai daɗi ba ce. Hausawa sun haura shekara ɗari a Agege. Akwai gidajen da kaka da uba da jika duk a Ikko aka haife su. Kwalejin Fasaha ta Yaba, wadda aka kafa a 1947, da Jami'ar Legas da ke Akoka, wadda aka kafa a 1962, duka na Gwamnatin Tarayya ne, duka suna koyar da zanen gine-gine, kuma motar haya ɗaya ko biyu ce tsakaninsu da Idi-Araba. 'Ya'yan unguwannin nan nawa ne ke zaune a zaurukansu? Yaron da ya iya lissafin buhunan albasa da ka, ya iya lissafin nauyin bene in an tsaya masa ya riƙe darasin lissafi da kimiyya da zanen fasaha tun daga sakandare. Attajiran da ke tara miliyoyi a daren ɗaurin aure guda, ƙungiyoyin 'yan kasuwar shanu da na kayan gwari, da fadojin sarakunan Hausawa, za su iya ɗaukar nauyin yara goma-goma a shekara ba tare da sun ji a jikinsu ba. Haka kuma tsofaffin ɗaliban Samaru da suka yi suna suka yi dukiya a Ikko da Abuja, bai kamata su jira gwamnati kafin su sayi injin gwajin kankare guda su aika wa sashen da ya yi su ba.

Ga 'yan majalisar da ke zuwa Agege da Mile 12 neman goyon baya in zaɓe ya ƙarato, na Kudu ne ko na gida, akwai tambayoyin da suka fi buhun shinkafa amfani. A cikin kason da TETFund ke ba kowace jami'a a shekara, nawa ne aka keɓe don gyara da faɗaɗa abin da ke tsaye, nawa ne don sabon harsashi? Daga cikin ayyuka 163 da aka ƙirga an yi watsi da su a 2012, guda nawa aka kammala? Kuma a shekaru 7 ɗin nan da aka ce an dakatar da buɗe sababbin makarantu, a wace shekara ce sashen zanen gine-gine na Zariya, da na Yaba, da na Akoka, za su ga nasu kason a rubuce a cikin kasafin kuɗi?